Murfin Akwatin Fadimatu

Tun ranar da Fatihu ya ɗaura tsirkiya ta ƙarshe a kan gitar nan gabana yake faɗuwa. Idan abu ya cika kyau a hannun talaka, sai a saurari abin da zai biyo baya.

Ni mai gadi ne a Gwarimpa, a gidan Alhaji Abdulƙadir, babban ma'aikacin gwamnatin tarayya. Ɗakinmu yana jikin get, ni da ɗana Fatihu, tun rasuwar mahaifiyarsa Fadimatu. Ya gama sakandare, ba aiki, ba magana. Yaro ne da zai wuni yana kallon bango, ni kuma ina kallonsa ina tsoro.

Gitar ta Tawfiq ce, autan Alhaji. Ya bar ta a ƙasa ya taka ta da mota, fuskarta ta farfashe, wuyanta da bayanta kawai suka tsira. Hajiya Nazeefa, matar Alhaji, ta ce a haɗa da shara. Fatihu ya roƙa, ta ɗaga masa hannu ba ta ko dube shi ba.

Ya kai ta unguwar Jikwoyi wurin Enoch, wani kafinta mai kaɗa gita a cocinsu. Enoch ya ce katakon da ake yi wa gita fuska da shi daga waje yake zuwa, kuma na kasuwa ɗanye ne, zai lanƙwashe kafin damina ta wuce. Sai dai a samo wanda ya yi shekara da shekaru yana bushewa. Da Fatihu ya dawo, sai ya jawo akwatin uwarsa daga ƙarƙashin gado, na maɗaci, wanda mahaifinta ya sa aka ƙera mata. Na ce ba za a taɓa shi ba.

"Baba, a ƙarƙashin gado ba mai jin ta," ya ce.

Na ba shi murfin.

Duk Asabar yana can. Suka tsaga murfin, suka fere shi har ya zama kamar faifai, suka haɗa da gam. Ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa kuwa, daga karyayyiyar taɓaryar Fadimatu ta ƙirya suka sassaƙo shi. Enoch ya yi ta mita wai maɗaci ya yi nauyi, muryar ba za ta fita tas ba. Haka kuwa aka yi. Ta fito da kauri, da ɗan gurnani kamar gurmi. Fatihu ya shafa mata man kaɗe, ta yi ja tana sheƙi. Yaron ya fara cin abinci, har dariya na ji ya yi.

A garinmu idan aka ba ka 'yar akuya, ranar da ta haihu kana kai ta a gani, ka sake godiya. Na ce masa haka za mu yi. Ya ce a bari. Na ce ban haifi marar kunya ba.

Da la'asar muka same su a baranda, Hajiya da ƙawarta Hajiya Saudatu suna shan shayi, Tawfiq yana latsa waya. Muka durƙusa. Fatihu ya kaɗa kaɗan. Tawfiq ya ajiye waya, ya karɓa, ya juya ta, ya ce ai tasa ce. Hajiya ta ce ita dai ta san ta ce a fitar, ba ta tuna ta ce a ɗauka ba.

Na ga abin zai kuɓuce, sai na shiga bayani don su tausaya. Na ce ranki ya daɗe, fuskar nan murfin akwatin marigayiya ce, wannan kuma taɓaryarta.

Hajiya Saudatu ta ajiye kofi ta nemi tsari. Ta ce da kayan mamata ake shigo wa mutane da asiri gida, ta sha gani, yau a ba yaro ya riƙe, gobe a rasa kansa. Hajiya ta fizge gitar daga hannun ɗanta ta jefar a gabana. Ta ce in cire katakonmu, in bar musu kayansu.

Hayaniyar ta fito da Alhaji. Ya saurara yana gyara hula. Na ɗauka zai yi dariya ya kashe maganar.

"Malam Shafi'u," ya ce a hankali, "masu neman ɗakin nan suna da yawa fa."

Direba ya kawo sukundireba. Fatihu ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Na sa bakin ƙarfen a gefe na danna. Gam ya riƙe, ya ƙi saki. Tawfiq ya ɗaga waya yana ɗauka yana dariya, wai kafintan nan ya iya aiki, Baba mai gadi ƙara ƙarfi. Na ƙara. Maɗacin ya tsage gida biyu, tsirkiyoyi suka tsinke, ɗaya ta yanke ni a kunci. Sai da na ɓamɓare shi guntu-guntu. Da na gama, Tawfiq ya taɓa ragowar da ƙafa, ya ce yanzu kuma me zai yi da wannan, ya shige ciki.

Na tattara guntayen a gaban rigata. Fatihu bai ɗauki ko ɗaya ba, bai yi kuka ba. Ya taka zuwa get ya tsaya, don makulli yana hannuna.

"Buɗe min, mai gadi," ya ce.

Na buɗe.

Na je Jikwoyi, Enoch ya ce bai gan shi ba, da ya ga guntayen kuma ya juya min baya. Na je Kuchigoro wurin dangin uwarsa, su ma shiru. Wayarsa a kashe take. Ban san inda yake kwana ba, ban kuma sani ba ko zai dawo.