Ranar da Muryar Yaya Ta Yanke

Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya Mujitaba ba. Ɗan fari ne, ita kuwa mutuniyar da ce, irin waɗanda ko gaisuwar ɗan fari da ƙyar suke amsawa. In ta kama dole ta yi zancensa, sai ta ce "wancan na Kano". Ya saya mata waya, ta miƙo mini. In ya zo sallah, tana tankaɗe take amsa masa, ko ɗago kai ba ta yi.

Amma kullum ƙarfe goma na safe, lokacin da yake gabatar da shirin manoma a gidan rediyon da yake aiki, za ka same ta a gindin rumbu da rediyo a cinya. In na tsokane ta sai ta harare ni ta ce, "Ke Saudatu, ni labarin taki nake saurare." Matar da rabonta da gona tun kafin a yi mini aure!

Wata Talata cikin damina na zo taya ta aiki. Hadari ya haɗu ta arewa, mu a Burumburum ko ɗigo. Ina tsintar shinkafa, Yaya yana bayanin tsutsar da ke cin masara. Ya ce, "Idan manomi ya ga ganyen ya huhhuje, sai ya..." Sai muka ji wata irin ƙara, tau! Daga nan shiru.

Inna ta bubbuga rediyon. Ta ja eriya, ta cire batir ta ciza ta mayar. Ta murɗa zuwa wata tasha, ga kiɗa raɗau. Ta dawo tasu Yaya, ba komai sai shuuu.

Maƙwabcinmu Bala, wanda bai iya riƙe bakinsa ba tun yana yaro, ya leƙo ta katanga.

"Inna, kun ji? Wallahi tsawa ce ta faɗa musu. Irin wannan ƙara, wanda ke bakin na'ura ai sai dai addu'a."

Saura kaɗan in jefe shi da faifai. Na kira lambar Yaya, a kashe. Na sake, a kashe. Inna tana kallon hannuna, na san tambayar tana bakinta, amma kunya ta hana ta fito.

Can ta ce, "Bai ma faɗi maganin tsutsar ba."

Ta shiga ɗaki, ta fito da mayafi, takalmi ƙafa ɗaya nata ƙafa ɗaya nawa.

"Ina zuwa, Inna?"

"Kwanar Dangora. Manja ya ƙare."

Jiya-jiya na ga kwalbar manjan a cike. Na ɗauki hijabina na bi ta.

A mota carbi kawai take ja, rediyon yana ƙarƙashin mayafi yana ta huci. Ni kuma ina ta kira, amsar dai ɗaya ce. Da muka sauka, ta wuce masu manja ko waiwaye, ta je ta tsaya gaban motocin Kano. Ɗan kamasho ya ce, "Baba, Kano ne?" Ta gyaɗa kai. Wannan matar ba ta san unguwarsa ba, ba ta san hanyar gidan rediyon ba, ba ta taɓa yarda ta taka ƙofar gidansa ba. Tausayinta ya kama ni har na ji hawaye.

Ta ɗora ƙafa ke nan wayata ta yi ƙara.

"Saudatu, lafiya? Kira goma sha ɗaya na gani."

Muryar Yaya ce. Na jingina da motar.

"Yaya, kana nan? Ba abin da ya same ka?"

Ya yi dariya. "Me zai same ni? Tsawa ce ta ƙona injin watsa shiri, shi kuwa can bayan gari yake. Ni ban ma sani ba, na fi minti goma ina ta zuba bayani ni kaɗai kafin a shigo a ce ba mai ji na. Muka zauna jiran gyara, waya kuma ba a shiga da ita ɗakin shiri."

Ban ankara ba sai na ji an zare wayar daga hannuna. Inna ta riƙe ta da hannu biyu kamar ƙwaryar nono, ta kara a kunne.

"Kai ne?"

"Inna? Ni ne. Ina kwana?"

"To," in ji ta. "To. Alhamdu lillahi."

Ta mayar mini da wayar, ta zauna a kan bencin 'yan kamasho ta rufe fuska da mayafi. Kafaɗunta suna rawa. Ɗan kamasho ya ce, "Baba, za a tafi fa." Ta ɗaga masa hannu alamar su wuce.

"Saudatu," in ji Yaya, murya ƙasa-ƙasa, "ina kuke haka nake jin hayaniyar motoci?"

"Kwanar Dangora. Wajenka za ta zo."

"Ta yaya ta san tashar ta ɗauke?"

"Yaya, shekara shida ke nan ba ta taɓa fashin shirinka ba. Ko zazzaɓi take yi sai an kai mata rediyon bakin gado."

Na duba wayar ko layin ne ya yanke, na ga yana nan. Da na mayar kunne sai na ji yana jan hanci.