Rigar Sanyin da Baba Ya Ɗinka

"Kar ki raina mini hankali, Auta! Da idona na gan ta!"

"To ka gan ta, sai me? Riga ɗaya ce a duniya?"

"Irin wannan kam ɗaya ce. Nuna mini wanda zai ɗinka rigar sanyi ruwan goro, da aljihu har a ƙirji, in ba Baba ba. Ina hawowa bene na ci karo da ita a jikin mai sharar gidan nan. Saura kaɗan in gaishe ta da sunanki."

Auta tana zaune a bakin gado, a ɗan ɗakinta na ɗalibai, ɗakin da in ka yi miƙa sai ka taɓa bango da bango. Yayanta kuwa yana tsaye a ƙofa, ko takalmi bai cire ba, ƙanƙara na narkewa a kafaɗarsa tana ɗiga kan dardumarta. Da wata rana ce da ta yi masa tsiya a kan dardumar nan.

Ga yadda abin yake. Mahaifinsu tela ne, tun da uwarsa ta haife shi kuma bai taɓa sanin sanyin da ya wuce a ja bargo ba. Da Auta ta samu gurbin karatun haɗa magunguna a ƙasar da yayanta yake, sai tsoho ya hana kowa sakat da tambaya. Wai yaya sanyin can yake? Wani ya ce masa kamar cikin firij. Ai kuwa bai yi wata-wata ba ya tafi shagon maƙwabcinsa mai sayar da lemo, ya naɗe hannun riga, ya zura hannunsa cikin firij ya tsaya. Mai shago na ta dariya, shi ko a jikinsa. Sai da yatsun suka daina jin komai sannan ya zaro, ya ce yanzu ya gane.

Ya dawo gida ya farke bargonsa na kansa ya yi wa rigar da zai ɗinka mata shafi da shi. A lokacin ma yanar ido ta fara rufe masa gani, Mama ce ke zura masa zare a allura, tana yi tana mita. Ɗinkin ƙasan rigar ya ɗan karkace, hannuwan sun yi tsawo, nauyinta kuwa kamar ka goya yaro. Daga wannan riga bai sake hawa keke ba. Keken na can a lulluɓe da tsohon zane.

Sau ɗaya Auta ta sa ta. A bas wasu 'yan mata suka yi ta ƙus-ƙus suna satar kallonta. A aji kuma wani dogo mai bakin tsiya ya tambaye ta, da fara'arsa, ko ta fara aikin gyaran titi ne. Aka kwashe da dariya, ita ma ta taya su, don kar a ce ta ji haushi. Kafin mako ya zagayo ta sayi baƙa, siririya, irin ta kowa. A ƙarƙashin benensu akwai wani ƙaton kwali da ɗalibai ke zuba kayan da suka gaji da su, mai so ya ɗauka. Nan yarinyar nan ta duba gabas ta duba yamma, ta cusa rigar can ƙasa, ta ɗora wani tsohon wando a kai.

Ta ɗauka shi ke nan. Ina! Washegari sai ga rigar tana goge matattakala.

Tun daga ranar Auta ta koma bin benen baya, wanda ke fita wajen bola, don kar su haɗu. In ta hango ruwan goro daga nesa, ko lemo ne a hannun wani, sai gabanta ya faɗi. Baba kuma duk kiran duniya sai ya tambaya. Yau ta ce tana wanki, gobe ta ce ai yau babu sanyi, alhali haƙoranta na haɗuwa.

"Kai ma ai da laifinka," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "Wa ya aike ka ka gaya masa ƙanƙara ta sauka?"

"Au, ni ne ma mai laifin? Mutum ya tambaye ni yaya gari, in ce masa rana ake ƙwallawa? Ya ce bayan la'asar zai kira, yana so ya gan ki a ciki. Tun safe Mama ta ce ya sa an yi wa wayar caji, ya sa hularsa ya zauna, kamar mai jiran baƙi."

Auta ta dubi agogo. Ta zabura ta ture shi daga ƙofa, ta sauka da gudu ba ko takalmi, sai safa.

Ta tarar da mai shara a ɗan ɗakin ajiye tsintsiya, ta gama aiki tana ɗaure jakarta za ta tafi gida. Dattijuwa ce, gajeruwa, ita ma baƙuwa ce a ƙasar, yaren garin a bakinta guntu-guntu ne kamar yadda yake a bakin Auta in ta ruɗe. Auta ta nuna rigar, ta nuna kanta, kalmomin suka watse mata.

Fuskar matar ta canza nan take. Ta hau ɓalle maɓallai, tana nuna wajen kwalin, tana maimaita cewa a can ta samu, ba ta shiga ɗakin kowa ba, don Allah kar a kai ta ofis.

"A'a! A'a, Mama, ba haka ba ne. Aro. Kaɗan kawai. Yanzu zan dawo da ita."

Matar ba ta gane duka ba, amma ta miƙa. Ta kifa bokiti ta zauna a kai da 'yar rigar aikinta mara kauri, ta cusa hannuwa a hammata, ta ɗaga kai alamar za ta jira. Ƙofar waje na buɗewa tana rufewa, iska na shigowa tana kaɗa mata ɗankwali.

Auta ta sa rigar tana hawa bene. Da ɗuminta, ɗumin jikin wata. Ƙamshin sabulun goge ƙasa ya kama wuyan. A aljihu ta ji safar hannu, da katin bas, da alewa guda biyu, ƙila na jika ne. Inda ɗinkin ƙasa ya karkace an bi shi da zare da allura an ƙara masa ƙarfi. Ita da aka ɗinka dominta ko maɓalli ba ta taɓa ɓallawa daidai ba.

Tana shiga ɗaki waya na ruri, kiran bidiyo daga gida, ta ɗauka.

"Ga ta nan, ga ta nan!" muryar Mama ce. "Malam, matso da fuskarka. Ba haka ba, ka toshe gilashin da hancinka!"

Goshin Baba ya cika wayar, sai gefen hula, sai ido ɗaya mai fari-fari yana lalube.

"Auta? Ja da baya kaɗan. Yauwa. Ƙara." Sai ya saki dariya irin wadda suka daɗe ba su ji ba. "Na gan ta! Wallahi na gan ta! Fuskarki dai hazo ce, amma rigar ga ta nan ɓaro-ɓaro. Kin ga amfanin launin ko? Uwarki ta ce in sayi baƙi. Na ce garin da aka ce komai fari ne, in 'yata ta tsallaka titi ina so mai mota ya hango ta tun daga nesa."

"Ta yi kyau, Baba."

"Hannun fa? Na san na zarce."

"Daidai ne, Baba."

"Muryarki ta shaƙe. Mura ce?"

"Mura ce."

"To ki riƙa ɓalla na wuyan. Ina yayanki? Kai, babban banza, zo nan. Ita wannan ko me na tambaye ta sai ta ce daidai ne, don kar in ji babu daɗi. Kai ne ba ka iya ɓoye magana ba. Tana sa ta kuwa? Ko sai ta ga zan kira?"

Auta ta dubi yayanta. Ba ta roƙe shi da baki ba, ba ta da wannan fuskar. Shi kuma ya ƙura wa bango ido.

"Tana sawa, Baba."

"Kullum?"

"Kullum."

"Alhamdu lillahi. To ni yanzu ko ban sake riƙe almakashi ba, na rufe da abin kirki. Auta, kar ki ba kowa aro, kin ji? Kin san ƙawaye."

"Na ji, Baba."

Mama ta karɓe wayar ta fara jero gaisuwar dangi, mai haihuwa da mai tari, har layin ya yanke da kansa.

Gumi na tsattsafo wa Auta a cikin bargon mahaifinta, amma ta kasa ɗaga hannu ta ɓalle ko maɓalli ɗaya.

"Yaya, zan saya mata wata. Sabuwa, mai kyau. In karɓi tawa."

"Taki?" Ya juyo. "Baiwar Allah na can ƙasa a kan bokiti tana karkarwa, bas na wuce ta. Cire ki kai mata. In ya so gobe ki je ki dubi idonta ki ce kin fasa zubarwa."

"Yaya, don Allah ka tsaya mu yi shawara."

"Shawarar me? Na yi rashin ji iri-iri a gidanmu, na sha duka, amma ban taɓa duban mutumin nan na shirga masa ƙarya ba sai yau. Makaho, Auta. Kuma ni ya zaɓa ya tambaya."

Ya fizgi jakarsa daga kan kujera, ya fice, ya bugo ƙofar da ƙarfi har allon sunanta da ke manne a waje ya faɗo ƙasa.