Saƙon Minti Shida

Mai Bidiyo tana cikin goge ƙurar fankar kwamfutarta da tsohon burushin haƙori sai ga matar jiya ta dawo. Ko gaisawa da telan da ke shagon gefe ba ta tsaya yi ba. Ta ɗaga labule ta shigo, ta ajiye filashi a kan tebur.

"Anti, bai yi ba," ta ce.

Auta ake ce mata, haka ta faɗa jiya da ta zo da wayarta. Buƙatarta ba ta da wuya. Yayanta da ke aiki a wata ƙasa mai nisa ya turo wa mahaifinsu saƙon bidiyo na minti shida, mahaifin kuwa ba ya iya kallo a waya, sai a talabijin ɗin falo. Talabijin ɗin tsoho ne, da aka soka masa filashi sai ya rubuta cewa bai san wannan fayil ba. Irin wannan aiki Mai Bidiyo takan yi shi sau goma a mako. Wayoyin yanzu suna ɗaukar bidiyo da wani sabon salo wanda tsofaffin talabijin ba su ma san da zamansa ba. Jiya ta juya fayil ɗin zuwa tsohon salo, ta kalli minti ɗaya na farko, ta ga lafiya lau, ta miƙa.

Ta tura wa Auta kujera, ta tambaye ta ko ƙin buɗewa ya yi. Auta ta ce ya buɗe, hoto ya fito, sauti ma ya fito. Baba ya jawo kujerarsa har gaban allon ya zauna. An kai minti uku ya ɗaga hannu ya ce a kashe.

"Cewa ya yi ba maganar Yaya ba ce. Wai bakin na faɗin abu daban, muryar na faɗin daban. Wai ni na sa aka ɗora masa muryar wani don in faranta masa rai kafin a shiga da shi tiyata."

Sai a lokacin ta yi bayanin da ba ta yi ba jiya. Shekara talatin Baba ya yi yana aiki da injin tsaga katako, injin ya cinye masa kunne. Yana jin tashin murya da saukarta, amma kalmomin a kan leɓen mai magana yake ƙarasa su. Shi ya sa kiran waya ba ya yi masa amfanin komai, wasiƙa kuma ya ce ba zai ji zancen ɗansa ta bakin wani ba. Shekara bakwai ke nan kalma ba ta shiga tsakaninsa da ɗan nasa ba, tun wata rigima da suka yi a wurin aikin katakon. Yau da ƙarfe biyar za a kwantar da shi a asibiti, gobe da safe a yi masa aikin zuciya.

Mai Bidiyo ta dubi agogon bango. Sha ɗaya saura. Ta soka filashin, ta ja bidiyon zuwa minti na uku, nan take ta ga abin. Leɓen mutumin ya rufe, muryar tana nan tana ƙarasa kalmar. A minti na biyar tazarar ta kusa sakan biyu. Kunya ta kama ta. Shekara goma sha biyu tana wannan sana'a, ta san ba a miƙa aiki sai an kalle shi har ƙarshe, amma jiya akwai mutum uku a kan benci suna jira, ta yi gaggawa.

"Laifina ne, ba naki ba," ta ce. "Zauna."

Da farko ta gwada hanya mai sauƙi, ta ja layin sautin baya kaɗan don ya haɗu da bakin. Ƙarshen ya daidaita, farkon ya lalace. Ta mayar, farkon ya gyaru, ƙarshen ya sake kwancewa. Wannan ya nuna mata cewa tazarar ƙaruwa take yi a hankali. Ta buɗe bayanan ainihin fayil ɗin tana bin lambobin da yatsa, har ta kai inda take zargi.

Ta juya allon wajen Auta ta nuna mata. Yayan nata a bakin taga ya zauna da yamma ya ɗauki bidiyon. Da farko akwai haske, wayar tana ɗaukar hoto talatin a kowane sakan. Da rana ta fara faɗuwa ɗakin ya dushe, sai wayar ta rage, wani wurin ashirin da huɗu, wani wurin ashirin. Ita kuwa manhajar da ta juya fayil ɗin jiya ta ɗauka talatin ne tun daga farko har ƙarshe, ta kora hotunan da gudu ɗaya. Shi ya sa bakin ya tsere wa muryar. Maganinsa a gaya wa manhajar ta daidaita gudun, ta cike gurbin da ya ɓace.

Akwai kuma matsala ta biyu. Manhajar hirar da aka turo bidiyon ta cikinta ta matse shi don ya yi saurin zuwa, fuskar ta zama kamar an shafa mata yatsa. A waya ba a lura, amma a babban allo, ga mai karanta leɓe, asara ce. Ta ce Auta ta rubuta wa yayan ya sake turo shi yadda yake, kamar yadda ake tura takarda, kada ya bari a taɓa shi.

Yayan yana wurin aiki, sai da suka jira fiye da awa ɗaya. Tela ya leƙo da zare a baki, ya tambaya ko yau ma kwamfutar ce ta yi yaji. Mai Bidiyo ta ce masa tata in ta yi yaji da lallashi ɗaya take dawowa, ba kamar kekensa ba da sai an kira mutum uku. Auta ta yi murmushi, karo na farko tun da ta shigo.

Fayil ɗin ya iso, ya ninka na farkon girma sau takwas. Mai Bidiyo ta daidaita gudun hotunan, ta matso da fuskar ta cika allo, ta ƙara mata haske, ta rage gurnanin wata fanka da ke bayan muryar. Ta danna a fara juyawa. Layin da ke nuna ci gaban aikin ya tafi sumul har kashi tamanin da biyu, sannan ya tsaya cak. Auta ta miƙe tsaye. Mai Bidiyo ta ce mata ta zauna, ba wani abu ba ne, cikin kwamfutar ne ya cika. Ta kwashe tarkacen tsofaffin ayyuka ta zuba a wani faifai, ta sake farawa. Wannan karon ya kai ƙarshe.

Ta sa abin ji a kunne don ta duba shi daga farko. A al'adarta ba ta sauraron abin da mutane ke faɗa a bidiyonsu. Baki take kallo, da layin sauti mai hawa da sauka, kalmomin kuwa su wuce ta gefen kunnenta. Amma wanda zai tabbatar leɓe ya hau kan kalma dole ya ji kalmar.

Mutum ne mai kimanin shekara arba'in, da rigar aiki, idanunsa irin na Auta. Ya gaida Baba, ya tambayi jiki, ya ce ya nemi izinin tahowa ba a ba shi ba sai wata mai zuwa. Yana magana a hankali yana buɗe baki sosai, alamar bai manta da wa yake magana ba. A minti na huɗu ya yi shiru, ya kalli ƙasa, sannan ya ɗago.

"Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Marin da ka yi mini a gaban ma'aikata ban manta ba. Katakon nan da ya lalace ba ni na auna shi ba, kai ma ka sani. Amma tafiyar da na yi ban sallame ka ba, wannan tawa ce. Ita nake neman ka yafe mini."

Auta ta taɓa mata kafaɗa. Ta ce jiya Baba bai kai nan ba, kuma gara kada ya kai. Mutumin da za a buɗe wa ƙirji gobe, me zai yi da zancen mari? Ta roƙe ta ta yanke wurin, daga shirun zuwa "ka sani", a bar neman yafiyar kawai.

Mai Bidiyo ta cire abin jin ta riƙe a hannu. Ta ce yankewa aikin minti biyu ne. Amma kan mutumin zai yi tsalle a wurin, hasken tagar ma zai canja lokaci guda, kuma wanda ya kama tazarar rabin sakan da ido ba zai kasa ganin wannan ba. Auta ta ce duk da haka. Mai Bidiyo ba ta ja da ita ba, don ba mahaifinta ba ne, ba ita za ta zauna a ƙofar ɗakin tiyata ba. Ta yi guda biyu, cikakke da yankakke, ta sa wa na farko lamba ɗaya, na biyu lamba biyu. Sannan ta ɗauki jakarta da makullin shago. Ta ce ba za ta sake yarda da talabijin ɗin da ba ta gani da idonta ba.

Uku ta wuce lokacin da tasi ya sauke su. Falon ƙarami ne, komai na cikinsa katako ne mai kyan aiki, har ɗan teburin da talabijin ke kai. Jakar asibiti tana bakin ƙofa a ɗaure. Baba yana zaune, dogo, hannayensa manya, yatsa ɗaya guntu. Mai Bidiyo ta durƙusa inda zai ga fuskarta ta gaishe shi, ta ce kuskuren jiya nata ne, injinta ne ya raba bakin da muryar, Auta ba ta da hannu a ciki. Ya dube ta har ta gama. Ya ce to, za a gani.

Ta soka filashin, sunayen biyu suka fito a allo. Ta miƙa wa Auta rimot, ta koma gefe. Auta ta sauko kan lamba biyu, ta tsaya. Ta dubi bayan kan mahaifinta, wanda ya riga ya jawo kujerarsa gaba ya ɗora hannaye a gwiwa. Ta koma sama ta danna ɗaya.

Mai Bidiyo ba ta kalli allon ba, fuskar tsohon take kallo. Leɓensa na motsi kaɗan-kaɗan yana bin na ɗansa. Minti uku ya wuce bai ɗaga hannu ba. Da aka zo wurin marin, sai ya ce a tsaya. Auta ta tsayar. Ya ce a mayar baya. Aka mayar, ya sake kallo, ya matso har numfashinsa na taɓa gilashin.

"Shi ne," ya ce. "Wanda aka ɗauko don ya faranta mini ba zai faɗi wannan ba. Kuma ba shi ya auna ba. Ni na auna."

Ya kalli sauran har ƙarshe. Auta ta fita tsakar gida, ana jin ta tana buɗe famfo tana rufewa ba tare da ta tari komai ba. Mai Bidiyo ta fara naɗe wayoyinta. Baba ya tambaye ta ko wannan abin ana iya mayar da amsa ta cikinsa. Ta ce ana iyawa, yanzu ma in ya so. Ya tambaya ƙarfe nawa. Ta nuna masa yatsu huɗu.

Ta zaunar da shi yana fuskantar taga, ta jingina wayarta da littattafai biyu a kan tebur, ta duba hasken, ta kashe fanka. Ya gyara wuyan rigarsa, ya ce ta rufo ƙofa kada Auta ta shigo. Ta nuna masa ɗan ramin kyamarar da zai kalla, ta danna, ta ja baya ta jingina da bango.

Lambobin da ke kan wayar suka yi ta tafiya, sakan talatin, minti ɗaya, ɗaya da rabi. Ya buɗe baki ya rufe. Ya dubi hannayensa. Mai Bidiyo ta bar wayar tana ɗauka. Can ya ɗago kai, ya kalli ramin sosai, ya yi gyaran murya.

"Na gan ka," ya ce. "Ka rame. Ba ka cin abinci ne?"