Gwiwar Hagu ta Malachy

Duk wanda ya tashi a ƙauyen Kilbrack ya san yadda ake gaida bishop, ko da bai taɓa ganin bishop ido da ido ba. Za ka cire hula, ka durƙusa a kan gwiwar hagu, ka sumbaci zoben da ke hannunsa, ka ce, "Ranka ya daɗe." Ba ka kama sunansa, ba ka kuma fara magana sai ya fara. Gwiwar dama kuwa ta Allah ce shi kaɗai, ba a kai ta ƙasa sai a gaban bagadi. Haka iyaye suka koyar, ba kuma wanda ya taɓa tambayar dalili.

To, Malachy Devaney gwiwarsa ta hagu ta daina lanƙwasuwa shekara goma sha ɗaya ke nan, tun ranar da wata karsana mai baƙin hali ta harbe shi a garke. Ga shi kuma sabon bishop ɗin da zai zo ɗora wa yara hannu don tabbatar da su cikin addini ran Lahadi ba kowa ba ne illa Fintan, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya.

Shekara tara ya ba Fintan. Shi ya koya masa tatsar saniya, shi ya raka shi tashar jirgin ƙasa ranar da zai tafi makarantar limamai. Da aka naɗa Fintan fada, uwarsu da bakinta ta hana kowa kiran sunansa gatsau, sai dai a ce Fada Fintan. In ya zo hutu, ɗakin baƙi ake buɗe masa, a fito da kofunan da ba a taɓawa sai da dalili. Malachy ya wanke hannu ya shigo ya zauna a bakin kujera, su yi zancen ruwan sama da lafiyar tumaki, sannan ya tashi ya koma gona. Daga baya aka tura Fintan Roma, ya shekara ashirin sai wasiƙa. Malachy yana son ƙanen nan nasa kamar ransa, amma an daɗe da toshe masa duk hanyar da zai nuna. Abin da ya rage masa shi ne gaisuwar nan, ya yi ta daidai a gaban jama'a. In kuwa ya tsaya qiƙam a gaban bishop, ya san mutanen garinsu sarai: kafin shayin rana za a ce girman kai ne na babban wa.

Matarsa Delia ta ce ya durƙusa da ta dama kawai, ai Allahn da ya halicci karsanar ya san abin da ta yi. Ya ce ba da shi ba. Fada Tuohy, limamin cocin garin, ya tare shi a hanya ya ce masu lalura sunkuyar da kai ya wadatar musu. Malachy ya cire hula ya yi godiya, ya wuce bai sauya ra'ayi ba, don shi mutum ne da ke sauraron shawara da ladabi sannan ya yi abin da ya ga dama.

Sai ya shiga gwaji a garke, yana dafa komin shanu. Ran Alhamis Delia ta kai masa shayi ta tarar da shi zaune dirshan cikin ciyawa, gumi sharkaf.

"Wa kake gaisarwa, saniyar?"

"Miƙo hannu, ki bar surutu."

"Shekara saba'in da ɗaya, amma hankali har yau yana hanya."

Ta ɗaga shi, ta shafa masa kitsen agwagwa a gwiwar, tana yi tana mita. Amma daga ranar ba ta sake cewa ya fasa ba.

Ran Lahadi aka tashi da yayyafi. Bayan sujada bishop ya fito ƙofar coci cikin shunayyar riga, da sanda a hannu, jama'a suka yi layi. Malachy ya hango shi daga nesa, ya ga furfura ta cinye kan, wuyan ya zama irin na mahaifinsu. Da layi ya zo kansa ya miƙa wa Delia hularsa da sandarsa. Ya ja ƙafar hagu baya, ya cije leɓe, ya tafi ƙasa. Zafin ya taso masa har tsakiyar kai, amma gwiwar ta taɓa tsakuwa. Ya kama hannun, ya sumbaci zoben.

"Ranka ya daɗe," ya ce.

Sai ya yunƙura zai tashi, ƙafar ta ce ba ta san zancen ba. Ya sake yunƙurawa. Kunya ta rufe shi, don abin da ya yi mako guda yana gudu shi ne ya same shi, a gaban kowa, a ranar ƙanensa. Bishop ya ja hannunsa a hankali, bai ɗagu ba. Fada Tuohy ya matso zai taimaka, sai bishop ya danƙa masa sandar. Ya tattare rigarsa, ya zube a kan jiƙaƙƙiyar tsakuwar, ya cusa kafaɗarsa ƙarƙashin hammatar wansa.

Mutanen Kilbrack ba wanda ya taɓa koya musu abin da ake yi in bishop ya durƙusa a ƙofar coci. Suka dubi juna. Wata tsohuwa ta fara kai gwiwa ƙasa, sai kowa ya bi, maza da mata, da kayan Lahadinsu, cikin taɓo.

"Yaya," bishop ya ce ƙasa-ƙasa, daidai kunnensa, "wane irin taurin kai ne wannan?"

Malachy ya buɗe baki zai ce ranka ya daɗe, sai ya fasa. Hannunsa yana zagaye da wuyan ƙanensa, yana jin ƙasusuwan kafaɗar ta cikin rigar. Rabon da ya taɓa jikin nan har ya manta shekarun.

"Fintan, ba sa ba ka abinci ne a can? Dubi yadda ka rame."

Ya ji kafaɗar tana girgiza, bai san ko dariya ce ko kuka ba, shi ma idonsa ya cika. Malachy ya ce su tashi haka nan, mutane suna jiƙewa.

"Ni ma gwiwoyina ba su da wani kirki yanzu," in ji Fintan. Ya ƙara riƙe shi. "Bari mu ɗan jima a haka, Yaya. Ba wanda zai tashi sai mun tashi."