Takin da Na Raba

Ni da bakina na faɗa musu, ranar da suka fara zama a kan benci a bayan gidanmu: takin turke ya fi na buhu. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da noman ƙaramin fili, ba a taɓa kama ni da ƙarya ba. Ɗalibaina na bana su tara ne, sababbin shiga, wasu ko riƙon fartanya ba su iya ba. Na raba wa kowa baro biyu na takin garken yayana, har da cika baki.

Sati uku da dashe, ganyen tumatirina ya fara nannaɗewa. Ba tsutsa, ba ƙwaro. Na ce zafi ne. Na ce ruwa ne ya yi yawa. Da abin ya ishe ni, na shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya ƙasa zalla, ɗaya da takin. Na ƙasar ya miƙe abinsa. Na takin ya fito a murɗe, ya tsaya nan.

Na garzaya garke.

"Yaya, don Allah me shanun nan suke ci?"

"Ciyawa mana. Da nama kike so su ci?"

"Ta ina?"

"Ta babbar gonar can. Tas take, feshi suke mata, ko ƙaya ɗaya ba za ki gani ba."

Na san irin wannan maganin. Ba ya taɓa saniya, ta cikinta yake bi ya fito a kashi da ƙarfinsa, ya zauna a ƙasa shekara ɗaya ko biyu. Ni da nake koyarwa, tambaya ɗaya tak na kasa yi!

Gidan Baba Tela na fara zuwa, don cikin ɗalibaina shi na fi ji. Ido ya hana shi ɗinki, ya rufe shago, ɗan filin bayan ɗakinsa shi ne abincinsu shi da matarsa. Na same shi tsugune cikin kunyar tumatirinsa, yana miƙar da ganye da yatsa kamar mai gyara wuyan riga.

"Malama, ni ne ko?" ya ce. "Na san hannuna na allura ne. Shekaranjiya ma na ƙara musu taki, ko yunwa ce."

"Baba, ba kai ba ne. Ni ce. Akwai guba a takin da na ba ka."

Na yi masa bayani.

"To bana fa?"

"Bana ta wuce, Baba. Wataƙila har baɗi. Amma zan zo da kaina mu kwashe ƙasar saman, wallahi ko da hannu ne."

Ya yi ta goge hannu a gwiwa. Na ɗauka zagi zai biyo baya, kuma da ya zage ni da na ji sanyi.

"Malama, akwai abin da ban faɗa miki ba. So nake ki gani da idonki, ki yi murna. Na koma wajen yayanki na ɗebo amalanke uku. Duk Asabar ina tara mutanen layinmu ina koya musu yadda kika koya mini. Gida goma sha huɗu, kowa ya zuba. Har Malam suke ce mini yanzu."

Na zauna a ƙasa daɓas.

Ya ɗago ya dube ni da idanun nan nasa masu hazo.

"Ke za ki faɗa musu, ko ni?"