Igiyar da Ta Shige Ƙarƙashin Ƙofa

Layin waya ɗaya ne tal a ofishin masu awon filaye. Ta shi ake kiransu, ta shi kuma akwatin intanet ke fita. A ƙa'ida akwatin ba ya buga waya sai wata kwamfuta ta nemi shiga intanet. Sai ga shi ya tsiro da sabon hali, bini-bini ya hau layi shi kaɗai, masu kira su yi ta jin layi a cike har su gaji.

Manaja, wanda kawun sakatariya ne, bai wahalar da kansa da bincike ba. A gaban akanta da mai zanen taswira ya ce ita ce ke hira da samari a kwamfuta, in aka kuma, ta kama gabanta.

Barazanar korar ba ta yi mata zafi kamar ƙazafin ba. Washegari ta zare filogin kwamfutarta, ta ɗora shi kan tebur, ta harɗe hannu.

"Yau hutu aka ba ki?" in ji akanta.

"Aikin ke nan, Malam. Kasa kunne."

Ba a jima ba akwatin ya fara ƙugi. Ta dubi agogo. Minti goma cif ya sake, wani goman ya kuma. Wane saurayi ne mai cika alkawari haka? Wannan aikin na'ura ne.

Ta durƙusa bayan akwatin ta cire igiyar kwamfutar akanta, akwatin ya buga abinsa. Ta cire ta mai zane yana ta mita, akwatin bai fasa ba. Saura shuɗiya guda, wadda ta bi gindin bango ta shige ƙarƙashin ƙofar manaja. Ita ma ta fizge ta.

Rabin awa akwatin bai ce uffan ba. Sai ga Kawu ya fito a fusace.

"Wa ya taɓa mini kwamfuta? Na saita ta tana ɗebo mini saƙonni duk minti goma, yanzu ta tsaya."

Akanta ya sunkuyar da kai. Kawu ya dubi filogin da ke kan tebur, ya dubi igiyar da ke hannunta, muryarsa ta yi ƙasa.

"'Yata, shigo ciki mu yi magana."

"A'a, Kawu. Ga su nan a zaune, faɗa musu ba ni ba ce."

Wayar ofis ta ɗauki ƙara, mai neman awo ne ya samu layi. Ta bar ta tana yi, tana tsaye tana jiran Kawu.