Gefe Ɗaya na Maɗaci

Da mai gadin daji ya zagaya bayan maɗacin, sai ya tsaya cak. An sassaƙe ɓawon kewaye da itacen gaba ɗaya, ba a bar ko faɗin tafin hannu ba. Maɗacin da aka yi wa haka kuwa bushewa yake yi.

"Ka ga ɓarna!" in ji maƙeri, taubashinsa, wanda suke zagayen ranar tare. "Kuma ɓarawon naka gajere ne, saran bai wuce ƙuguna ba."

Mai gadi ya shafa wurin saran. Mutanen gari ne da kansu suka yi dokar, shi ma ya ɗaga hannu: sassaƙe gefe ɗaya ake ɗiba, wanda ya kewaye itace ya bar shiga daji ke nan. Ya kuma san tsohuwa guda mai lanƙwasasshen baya wadda hannunta ba ya wuce nan. Da sassaƙen da take sayar wa masu magani ta raine shi.

Ya iske ta a tsakar gida tana shanya ɓawon a tabarma.

"Inna, maɗacin bakin rafi, ke ce?"

"Ni ce. Gefe ɗaya na ɗiba, kamar kullum."

"Wane gefe?"

"Wanda hannuna ya taɓa ya ji ɓawo."

Tana magana tana duban turmi, ba shi ba. Sai a lokacin ya lura da farin da ya lulluɓe idanunta. Ashe kowace fita da lalube take neman inda ya rage, har ta gama da itacen ba ta sani ba.

"Da la'asar kwamitin kula da daji zai zauna," ya ce. "Zan ce baƙi ne."

"Kai? Tun kana yaro, in ka yi ƙarya kunnuwanka motsi suke yi." Ta ajiye ɓawon da ke hannunta. "Maɗacin zai rayu?"

"Ba na jin zai rayu, Inna."

Ta laluba gefen tabarma, ta ɗauko gizagonta, ta shafa bakinsa da babban yatsa, sannan ta miƙo shi wajen da take zaton yana tsaye.

"Kai musu wannan. Ka ce a bar ni dai in riƙa tsintar kirare."

Ya matsa gefe a hankali, ya tsaya daidai inda ta miƙa, ya karɓa da hannu biyu.